Kamfas ɗin Ƙarfen Lema

Ranar nan a ɗakin malamai na ji ɗayanku yana cewa, cikin duk darussan lissafi babu na hutawa kamar zane da kamfas da rula. Wai malami ya rubuta tambaya a allo, ya ce wa yara su fiddo kayan zanensu, shi kuma ya koma kujera ya miƙe ƙafa. Sauran kuka yi dariya. Ni dai baƙo ne yanzu, roƙona aka yi in riƙa leƙowa ina taya ku bayan na ajiye aiki. Amma tunda yau an tashi yara da wuri, ku gyara zama in ba ku labarin wannan aikin yadda na same shi.

Aikin farko da aka sa ni a makaranta shi ne zana da'ira a allo. A Birnin Kebbi ne, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, komai daga Sakkwato yake zuwa, har allin rubutu. Shugaban sashen lissafi wani Mista Yohanna ne, Kirista mutumin Filato, wanda ya daɗe a garin har 'ya'yansa sun fi ni iya harshen Kabi, ni da aka haifa a Ambursa. Ranar da na kai masa takardata bai tambaye ni abin da na karanta ba. Ya ja ni zuwa wani aji da babu kowa, ya miƙo mini kamfas ɗin allo, na katako, tsawonsa ya kai kamu guda, ƙafa ɗaya ƙusa, ɗayar kuma bakin saƙala alli. Ya ce, "Malam Garba, zana mini da'ira."

Allon wancan zamanin siminti ne aka shafe a jikin bango, aka baƙanta shi da garin tsohon batir. Santsi gare shi kamar bayan tarwaɗa. Na kafa ƙusa na fara juyawa, ina kaiwa rabi ƙusar ta zame, bakin da'irar ya wuce gindinta ba su haɗu ba. Mista Yohanna ya sa hannu a aljihu ya fiddo wani ɗan guntun robar tayar keke. Ya manna shi a allo, ya kafa ƙusar a kansa, ya danne da babban yatsan hagu. Sannan ya murɗe hannun damansa tun kafin ya fara, ya ɗora allin daga ƙasa, ya bar hannun ya warware da kansa. Da'ira ta rufe ba tare da ya ɗaga allin ba.

"Daga kafaɗa ake juyawa, ba daga wuyan hannu ba," in ji shi. "Kuma jikinka kada ya tare wa yara. Abin da hannunka yake yi suke koyo, ba abin da bakinka yake faɗa ba."

Zangon karatu guda na yi ina zama a bayan ajinsa kamar ɗalibi. A wurinsa na koyi feƙe alli da wuƙa har bakinsa ya zama kamar na kurfin kafinta, don layi ya fita siriri. Na koyi cewa fensir biyu yaro yake buƙata, ɗaya a cikin kamfas, ɗaya a hannu, kuma a kan dutse mai laushi ake gyara bakinsu bayan reza ta gama nata. Na koyi sa kwali a ƙarƙashin takarda, saboda teburan yara duk ramuka ne, allurar kamfas tana faɗawa ciki zane ya lalace. Babbar dokarsa kuwa ita ce ba a goge baka. Waɗannan 'yan lanƙwasassun layukan da kamfas yake bari idan kana raba layi biyu ko kana raba kusurwa, yara suna ganin ƙazanta ne, suna so su goge takarda ta yi fes. Shi kuwa mai duba jarrabawa su yake nema, a kansu yake ba da maki. Duk yaron da Mista Yohanna ya kama da abin gogewa a darasin zane, sai ya karɓe ya ajiye a aljihu har a tashi.

Duba aikin yara ma sana'a ce mai zaman kanta. Akwai mai wayo, wanda zai auna tsakiyar layi da rula, ya ja layinsa, sannan ya dawo ya ƙaƙaba 'yan bakuna da hannu don a ce da kamfas ya yi. Wannan ba a gardama da shi. Ɗaga takardar kawai za ka yi ka duba ta a hasken taga. In ya yi aikin gaskiya za ka ga hudar allura a ƙarshen layin nan da can. In babu huda, babu kamfas. Akwai mai gaggawa, wanda yake bari faɗin kamfas ya canza tsakanin baka na farko da na biyu. Akwai kuma mai tsoro, wanda zai zauna yana kallon farar takarda har a kaɗa ƙararrawa. Kowanne da maganinsa, kuma ba ka sanin wanda kake da shi sai ka bar kujerarka ka bi tebur tebur.

Abin da ya fi ba yara wuya shi ne darasin da littafi yake kira lokas. Da Turanci muke koyarwa, kalmar kuwa ba ta kama komai a kunnen yaron Kabi. Ni sawu nake ce masa. Ka ɗauki ɗigo, ka gindaya masa sharaɗi guda, ka ce ya yi ta tafiya amma kada ya karya sharaɗin. Sawun da ya bari shi ne abin da ake nema. In ka ce kada nisansa da wani turke ya canza, sawunsa da'ira ne. In ka ce nisansa da turaku biyu ya zama ɗaya, sawunsa miƙaƙƙen layi ne da ya ratsa tsakaninsu. Faɗinsa da baki ba wuya. Sa yaro ya gan shi da idonsa, a nan aikin yake.

Bayan 'yan shekaru aka mayar da ni Argungu, wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo, yawancin ɗalibanta 'ya'yan masunta da manoman shinkafa da albasa. A can na gamu da muguwar shekara. Ita ce shekarar da kaya suka ɓace daga kasuwa, sabulu da madara ma sai an yi layi. Malaman da aka ɗauko daga ƙasashen waje suka tattara suka tafi, lissafin manyan azuzuwa duka ya dawo kaina. Ɗan gwangwanin nan na kayan zane, mai kamfas da rula da ma'aunin kusurwa a ciki, wanda dā gwamnati take raba wa kowane ɗalibi, aka daina kawowa. Na duba kantunan Argungu, babu. Na hau mota na je Birnin Kebbi wajen Mista Yohanna, ya buɗe mini kabad ɗinsa ya nuna mini, shi ma abin da ya rage masa bai isa rabin ajinsa ba. Rula ta katako ana samu. Kamfas ne babu. A ajina na 'yan shekarar ƙarshe, waɗanda suke da shi ba su cika benci biyu ba, su ma na gadon yayye ne, duk sun saki.

Ana cikin haka jami'ai suka zo daga Sakkwato suka ce sakamakon lissafin makarantarmu ya yi muni a bara. In aka sake, za a rufe ajin kimiyya, duk mai son kimiyya ya tafi makarantar kwana a Birnin Kebbi. Kowa ya san ma'anar wannan. Uban da yake buƙatar ɗansa a fadama da yamma ba zai sake shi ya tafi kwana wani gari ba. Rufe ajin yana nufin an gama kimiyya ga yaran nan.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Dattijo ne mai haƙuri, ba ya son hayaniya. Ya ce, "Malam Garba, tambayar zanen ga ai ba dole ba ta. Zaɓi a kai. Ka hwaɗa ma yara su tsallake ta, ka ba da ƙarhi ga sauran."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ita ta ad inda yaranmu ka iya cin maki cikakke. Sauran tambayoyin Turanci ka kashe su tun ba su kai ga lissahin ba. Wagga kuwa hannu ta ka so da ido, kuma ɗiyan ga suna da su."

"To da mi za su zanawa? Da yatsa?"

Na ce ya ba ni mako biyu.

Akwai wani maƙerin fari a bakin kasuwa, kusa da inda ake lodin albasa, ana ce masa Ɗan Altine. Fitilun gwangwani yake yi da mazurari da bututun shayi. Na kai masa kamfas ɗina na ƙarfe na ajiye a kan uwar maƙerarsa. Ya juya shi, ya buɗe, ya rufe, ya ce, "Malam, wanga ai awartaki na da ba shi cizo. Mi a aikinai?" Na zana masa da'ira a bayan kwali. Na ce abu uku nake so: ƙafa ɗaya ta yi tsini, ɗaya ta riƙe fensir, gaɓar kuma in an buɗe ta ta tsaya inda aka bar ta.

Na farko da ya yi da gwangwanin man gyaɗa ne, ya lanƙwashe tun ban gama da'ira ba. Na biyu da wayar ƙafar keke, shi kuma yana rawa kamar karan dawa. Ina zaune a rumfarsa muna tunani sai ga wata tsohuwa ta kawo lema a gyara mata. Ɗan Altine ya buɗe lemar, ya tsaya yana kallon ƙarafunan cikinta. Kowane ƙarfe yana da kwari a tsakiya kamar indararo, shi ya sa ba ya lanƙwasa, ga kuma 'yar huda a kansa tun daga masana'anta. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce wa tsohuwar, "Inna, wagga lema ta mutu, amma ki bar muna gawar."

Ya yanko guda biyu daga wajen kauri, ya haɗa kawunansu da ƙusar da ya daka har ta baje. Ya goge ƙarshen ɗaya da magagari har ya yi tsini. A ɗayan ya naɗa zobe na gwangwanin madara, daidai kaurin fensir, ya like da dalma. Muka gwada. Ƙafafun sun tsaya, amma gaɓar in ya matse ta da yawa ba ta buɗuwa, in ya sassauta kuma sai ta saki. Kwana biyu muna kan wannan. A rana ta uku ya tsinko wata 'yar fata daga tsohon takalmi, ya huda ta, ya sa a tsakanin ƙarafunan biyu kafin ya daka ƙusar. Fatar ta riƙe gaɓar, tana buɗuwa da taushi, tana tsayawa cak. Na zana da'ira, na sake bi ta kanta, layi na biyu ya hau kan na farko kamar ba a sake ba.

Washegari na ce wa yara duk wanda ya san inda matacciyar lema take ya kawo. Rani ne, ba mai buƙatarta. Suka bi gidaje da juji da rumfunan masu gyara, har daga ƙauyukan ƙetaren gulbi. Kafin mako biyun su cika, kowane ɗalibi a ajin ƙarshe yana da nasa kamfas, ya ɗaura masa zare mai launi don kada ya ɓace. Na aika wa Mista Yohanna guda ɗaya ta hannun wani direba. Direban ya dawo da buhun tsofaffin lemomi da saƙon baki, wai a gaya wa maƙerin nan Birnin Kebbi ma tana layi.

Samun kayan aiki bai sa darasin ya shiga ba. A ajin akwai wani Sahabi, ɗan masunta, wanda ya fi kowa shekaru da girman jiki, don ya faɗi jarrabawar bara ya dawo maimaici. Tafin hannunsa ya yi kanta saboda gorar tuƙa jirgi da igiyar taru. In ya kama kamfas sai allurar ta huda takarda ta yaga, fensir ya karye. Rannan na tsaya a kansa, ya ture takardar ya ce, "Malam, hannuna ba na hensir ba na. Kuma sawun ga da ka ka hwaɗi, ni ban ga kowa na tahiya ba. Ɗigo dai ni ka gani zaune."

Da ya faɗi haka na dubi sauran, na ga shi ne kawai ya yi ƙarfin halin faɗa. Na ce ranar Asabar kowa ya same ni a bakin gulbi da hantsi, Sahabi kuma ya zo da igiya mai tsawo.

Ruwa ya ja baya a lokacin, ya bar wani fili na danshin yashi, shimfiɗaɗɗe kamar an daɓe. Da muka isa akwai jakin wani mai albasa a ɗaure a gefen ciyawa, ya cinye iya inda igiyarsa ta kai. Na nuna musu wurin da hannu. Wani daga baya ya ce, "Da'ira!" Na ce, "Wa ya zana ta?" Suka ce jaki. Na ce, "Wane sharaɗi aka gindaya masa?" Suka yi dariya suka ce igiya.

Sannan na kafa turaku biyu a yashin, da 'yar tazara tsakaninsu. Na ce kowane ɗalibi ya nemi wurin da in ya tsaya, nisansa da wannan turke daidai yake da nisansa da wancan, kuma kada wani ya tsaya inda wani yake. Sahabi ne mai awo: ya ja igiya daga turke zuwa ƙafar yaro, ya riƙe wurin da yatsa, ya koma ɗaya turken ya gwada. Na farko ya tsaya a tsakiya, wannan ba wuya. Na biyu ya yi ta matsawa, dama, hagu, har awo ya yi daidai. Na uku ya tafi can nesa wajen ruwa. Haka suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya, ana gardama, ana tura juna, Sahabi yana ta kai da kawowa da igiya yana zufa. Da na ƙarshe ya samu wurinsa, na ce wa Sahabi ya hau kan gaɓa ya dubo 'yan ajinsu.

Ya hau. Ya bi su da kallo. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Malam! Sahu sunka yi! Wallahi sahu na, kamar na Idi!"

Ba wanda ya ce su yi layi. Kowa nasa wurin ya nema, amma ga su a miƙe daga bakin ruwa har gindin gaɓa, sun ratsa tsakanin turakun nan biyu. Na bar su suka fita ɗaya ɗaya suka hau gaɓar suka gani da idonsu, kowa ya bar takalminsa a inda ya tsaya don kada layin ya ɓace.

Na kafa turke na uku a gefe, na ɗaura igiya, na ba Sahabi ƙarshenta da tsinke, na ce ya zama jaki. Ya zagaya yana jan tsinken a yashi, 'yan ajin suna yi masa kukan jaki. Na ce, "To, ina son wurin da ya cika sharaɗi biyun duka: nisansa da turakun farko ɗaya, kuma yana bakin igiyar nan." Suka ruga wajen da da'irar ta yanke layin takalma. Sahabi bai bi su ba. Ya bi da'irar da ido har ɗaya gefen, ya taka ya je ya tsaya can shi kaɗai. Ya ce, "Wuri biyu na, Malam. Ga wani nan." Wannan amsa ta biyu ita ce makin da ɗalibai suka fi zubarwa a jarrabawa, har masu ƙoƙarin cikinsu.

Muna cikin haka wani jirgi ya tsaya a bakin yashin, wani dattijo ya sauko, dogo, da hular kaba. Malam Na'Allah ne, mahaifin Sahabi. Ya gaishe ni da mutunci, ya dubi turaku da takalma, ya dubi ɗansa riƙe da igiya. Ya ce, "Malam, ashe boko ta koma ga turke da igiya? In wanga na, ai muna da shi gida."

Na ce, "Baba, shi na. Sai dai za mu maishe shi bisa takarda."

Ya ce, "To. Ni dai na hwaɗa mai. Na ba shi bara, na ƙara mai bana. Ƙarhina ya hwara ƙarewa, jirgi na son mutum biyu. In bai ci ba wagga shekara, shi dawo ga gora. Ba hushi ni kai ba, Malam, gaskiya ta."

Na ce na ji, kuma ban ga laifinsa ba.

Saura hannun Sahabi. Ranar Litinin na lura da yadda yake kama kamfas: da dukan tafinsa, ta ƙafafu, kamar zai kafe gora a laka. Na tambaye shi yadda yake murza zare in yana ɗinkin taru. Ya nuna mini da yatsa biyu, a hankali, ko kallo ba ya yi. Na ce to haka zai kama kan kamfas, da waɗannan yatsun biyu kawai, ya ɗan kwantar da shi wajen da yake tafiya, ya murza. Na fara sa shi a kan yashi a cikin faranti, inda in ya danna da ƙarfi zai ga rami. Daga nan bayan kwali, daga nan takardar buhun siminti, sannan takardar gaske. Kafin zafin bazara ya sauka yana raba kusurwa biyu da layin da sai ka matso za ka gan shi. Duk Asabar kuma muna komawa yashi. Duk tambayar da ta gagara a takarda, mu kafa mata turaku mu taka ta da ƙafa, mu dawo aji mu zana.

Ranar jarrabawar lissafi aka turo mai sa ido daga Sakkwato, wani mutum mai farin gilashi wanda ba ya wasa da doka. Yara sun yi layi a ƙofar zaure yana duba abin da kowa ya riƙo. Ya ɗauki kamfas ɗin na farko, ya juya shi, ya dubi na biyu, ya dubi layin har ƙarshe. Ya ce a kira malamin lissafi.

"Malam, mene ne wannan?"

Na ce kamfas ne.

"Ni ban taɓa ganin irinsa ba. Abin da aka yarda a shiga da shi kayan zane ne na ka'ida. In na bari aka shiga da tarkacen maƙera, gobe ni za a tambaya."

Shugaban makaranta yana gefe, ya fara gyaran murya. Na ce, "Yallaɓai, gaskiyarka. Abin da na roƙa, ka zaɓi kowane ka ga dama cikin layin nan, ka gwada shi da hannunka. In ya saki ko da kaurin gashi ne, a karɓe duka."

Ya bi layin ya zaɓi wanda ya fi muni a ido, wani mai tsatsa da jan zare. Ya sa takarda a kan tebur, ya zana da'ira. Bai canza faɗin kamfas ɗin ba, ya kafa allurar a bakin da'irar ya yi alama, ya matsa kan alamar ya sake yin wata, yana zagayawa. Duk wanda ya san aikin ya san abin da yake nema: in kamfas na gaskiya ne, taku na shida zai faɗo daidai inda aka fara. Na gane a nan cewa shi ma malamin lissafi ne. Ya yi na biyar. Ya kafa allura, ya murza. Bakin fensir ya sauka cikin hudar da ya fara yi a bakin da'irar.

Ya cire gilashinsa ya duba da kyau. Ya ce, "Wa ya ƙera wannan?" Na gaya masa. Ya miƙa wa yaron kamfas ɗinsa ya ce, "Ku shiga." Da ya zo rufe ƙofa ya waiwayo ya ce in an tashi in raka shi rumfar maƙerin, makarantarsu ma babu.

Malamin darasi ba ya shiga zauren jarrabawa. Na koma gindin wani mangwaro daga nesa, inda nake hango tagogi. Da farko kawuna ne kawai a sunkuye. Can wajen tsakiyar lokaci sai na ga gwiwar hannu ta ɗaga a taga ta farko tana juyawa, sai ta biyu, sai layin gaba ɗaya. Na san tambayar ta fito, kuma ba wanda ya tsallake ta. Da aka tashi suka fito suna magana duk a lokaci guda. Fili ne mai kusurwa uku aka ce su zana, su nemo wurin da nisansa da kusurwa biyu ɗaya ne, kuma yana da ƙayyadadden nisa daga ta uku. Sahabi ya fito a ƙarshe, ya ɗaga mini yatsa biyu daga bakin ƙofa.

Sakamako bai zo ba sai da damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya shafe filin yashinmu. Shugaban makaranta ya dawo daga Sakkwato da rana tsaka, bai ko shiga ofis ba, ya sa aka kaɗa ƙararrawa. Ya tsaya a gaban 'yan makaranta ya ce ba a taɓa cin lissafi a makarantar nan kamar bana ba, kuma ajin kimiyya yana nan, ba inda za shi. Yara suka ɓarke da ihu har masu awon shinkafa a tsallaken hanya suka leƙo. Ya kira sunayen waɗanda suka ci da daraja. Sunan Sahabi yana ciki, amma shi ba ya wurin, tun bayan jarrabawa yana kan ruwa.

Na ari keke na gangara mashaya. Jirginsu yana tahowa daga ƙetare, uban yana zaune a gaba yana tattara taru, Sahabi a tsaye a baya da gora. Ban jira sun iso ba, na haɗa hannu a baki na ƙwala, "Sahabi! Ka ci! Har da daraja!" Mata masu wanki suka ɗago, wata ta rangaɗa guɗa tun ba ta san ko wane ne ba.

Jirgin ya daki gaɓa. Malam Na'Allah ya ce, "Malam, sake hwaɗi in jiya." Na sake faɗa, na ƙara masa da cewa da wannan sakamakon makarantar koyon safiyo, wato awon ƙasa, za ta ɗauki ɗansa. Tsohon ya dubi ɗansa. Sannan ya miƙe a hankali, ya taka tsakiyar jirgin har baya, ya miƙa hannu.

"Kawo gorar."

Sahabi ya ce, "Baba, ba mu ɗebe sauran tarun ba."

"Na sani. Kawo. Sauka ka bi malaminka."

Sahabi ya sauka cikin ruwa iya gwiwa. Tsohon ya kafa gorar a laka, ya jingina ƙirjinsa a kanta, ya tura jirgin ya koma tsakiyar gulbi shi kaɗai.